Sinadaran da ke zuƙar danshin iska: dalilin da gishiri da taki ke jiƙewa ba tare da ruwa ya taɓa su ba

Duk mai sayar da kayan masarufi a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ya san akwai kayan da ba sa shiri da watan Agusta. Gishiri yakan yi laima ya dunƙule, dunƙulen maggi ya yi laushi ya manne da takardarsa, madarar gari da aka buɗe gwangwaninta ta zama curi-curi, buhun takin yuriya da aka jingina da bango kuma ya fara tsatsar ruwa ta ƙasa, alhali ko ɗigon ruwan sama bai faɗa musu ba. Da hunturu ya shigo, kayan su ne dai, shagon ma shi ne, amma sai gishirin ya koma yana zuba sumul ba gargada. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan ingancin kayan, su ce jabu ne ko an yi musu algus, amma a mafi yawan lokuta ba nan matsalar take ba. Abin da ke faruwa ja-in-ja ne tsakanin kayan da iskar da ke kewaye da su a kan ruwa, kuma kowane sinadari yana da iyakar da idan danshin iska ya haura ta, zai fara jan ruwan zuwa jikinsa.

Iska ba ta taɓa rabuwa da ruwa, sai dai ruwan yana cikinta ne a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya dogara da zafinta. Kubik mita ɗaya ta iska mai zafin digiri 20 tana cika maƙil da kimanin giram 17 na ruwa, idan zafin ya kai digiri 30 sai ta ɗauki kimanin giram 30, a digiri 40 kuwa ya wuce giram 50. Saboda haka idan masu hasashen yanayi suka ce danshi ya kai kashi 80 cikin 100, suna nufin iskar tana riƙe da kashi 80 na iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. A ƙasar Hausa wannan adadi yana lilo tsakanin gefe biyu masu nisa ƙwarai, domin da tsakar ranar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma yakan haura kashi 80, musamman da asuba da kuma bayan an ɗauke ruwa.

Dalilin da ya sa wasu abubuwa ke jan wannan tururi yana cikin ƙirar ƙwayar ruwa kanta. Kowace ƙwaya ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da zarrar haidirojin biyu, kuma cajin lantarkin da ke jikinta bai rarrabu daidai ba: gefen oksijin ya karkata zuwa cajin da ake kira negatif, gefen haidirojin kuma ya karkata zuwa kishiyarsa, wato fozitif. Don haka duk abin da ke da caji a jikinsa, irin su gishiri da danginsa, ko wanda ke da gefuna masu irin wannan karkata, irin su sukari da auduga da itace, zai riƙa kama ƙwayoyin ruwan da suka gifta ta kusa da shi. Leda da kakin zuma da man fetur ba su da wannan hali, shi ya sa ruwa ba ya samun wurin kamawa a jikinsu, shi ya sa kuma ake naɗe sauran kaya da leda.

Rukunin da ya fi jawo asara shi ne na sinadaran da ke zuƙar ruwa har su narke a cikin ruwan da suka zuƙa. Kowannensu yana da tsayayyar iyaka. Tataccen gishirin miya, wato sodiyam kuloraid, yana zama a bushe muddin danshin iska bai kai kimanin kashi 75 ba, amma da zarar an haura nan, sai wani siririn ruwan gishiri ya lulluɓe kowace ƙwaya, shi kuma wannan ruwan ya ci gaba da janyo wani tururin, har ƙwayar ta narke gaba ɗaya idan danshin ya ɗore. Iyakar farin sukari tana wajen kashi 85, saboda haka ya fi gishiri juriya. Ta kalsiyam kuloraid da magniziyam kuloraid tana wajen kashi 30 zuwa 33, ta sodar da ake haɗa sabulu da ita kuwa ba ta kai kashi 10 ba, abin da ke nufin ko a cikin busasshiyar iskar hunturu tana jan ruwa.

Waɗannan alƙaluma suna warware wani abu da matan gida suka daɗe da lura da shi, wato ba kowane gishiri ne ke jiƙewa a lokaci guda ba. Gishirin da ba a tace ba, wanda aka samu ta hanyar busar da ruwan teku ko ruwan tafki a rana, yakan zo da ragowar gishirin magniziyam a jikinsa, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya sa shi laima tun kafin damina ta kankama. Dunƙulewar kuwa ba a lokacin jiƙewa take faruwa ba, sai a lokacin bushewa. Idan danshi ya hau da dare, saman ƙwayoyin yakan narke kaɗan, idan rana ta fito ruwan ya ƙafe, gishirin da ya narke sai ya sake daskarewa a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ya haɗe su wuri guda. Maimaituwar wannan hawa da sauka kullum ita ce ke mayar da buhu guda ya zama dunƙule ɗaya. Masana'antu suna magance wannan da ɗan sinadarin da ke hana ƙwayoyin mannewa da juna, dabarar da kamfanin Morton na Amurka ya fara amfani da ita a 1911 lokacin da ya riƙa zuba magniziyam kabonet a cikin gishirinsa. Akwai kuma wata illa da ba a gani da ido, domin gishiri mai laima ya fi saurin rasa sinadarin aidin da aka sanya masa don kare mutane daga maƙoƙo, ruwan yana iya wanke aidin ɗin ya tara shi a ƙasan buhu, ya bar na sama kusan fanko.

A wurin manomi, taki ne babban abin damuwa, kuma a nan lamarin ya fi sarƙaƙiya. A zafin digiri 30, yuriya tana fara jan ruwa a wajen kashi 72 zuwa 73, amoniyam salfet a wajen kashi 79, amoniyam naitiret kuma a wajen kashi 59. Tun daga nan za a ga cewa lokacin da ake sayen taki da raba shi, wato tsakiyar damina, shi ne daidai lokacin da iska ke ƙetare iyakar yuriya kusan kowane dare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka gauraya nau'i biyu, iyakar haɗin takan faɗo ƙasa da ta kowannensu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne haɗin yuriya da amoniyam naitiret, wanda ke fara narkewa a danshin kashi 18 kacal, wato babu wani wata a shekara da za a iya ajiye shi a buɗe da kwanciyar hankali. Saboda haka masu haɗa taki ba sa cakuɗa waɗannan biyun a bushe, kuma manomin da ke gauraya ragowar buhuna daban-daban a kwarya ɗaya ya kamata ya zuba haɗin a gona a ranar, kada ya bar shi ya kwana. Ledar da ke cikin buhun taki ita ce ainihin kariyarsa, buhun waje don ɗauka kawai aka yi shi. Duk buhun da ƙugiyar 'yan dako ta huda, ko wanda aka kwance bakinsa don sayarwa mudu-mudu, ya riga ya shiga hannun iska.

Daskarewar taki ta taɓa jawo bala'in da har yau ake koyar da shi a darussan kiyaye haɗurran masana'antu. A garin Oppau na Jamus, kamfanin BASF yana da rumbun da ake tara haɗin amoniyam salfet da amoniyam naitiret, kuma tarin yakan daskare har diga ta kasa fasa shi, don haka ma'aikata suka saba fasa shi da ƙananan nakiyoyi. An yi haka sau da yawa ba abin da ya faru, sai ranar 21 ga Satumba, 1921, lokacin da wani sashe na tarin, wanda jimillarsa ta kai kimanin tan 4,500, ya tarwatse, ya kashe mutum sama da 500, ya rushe mafi yawan gidajen garin.

Masu haɗa sabulu a gida su ma suna fama da nasu, ko da yake asararsu ba ta da ƙara. Soda tana zuƙar ruwa, sannan tana haɗuwa da iskar kabon dayoksaid ta rikiɗe ta zama wani sinadari mai rauni. Idan mai sabulu ta auna kilo ɗaya daga ledar da ta kwana a buɗe, wani ɓangare na nauyin ruwa ne, wani kuma ya riga ya rasa ƙarfinsa, sai sabulun ya fito da laushi ko da maiƙo a samansa duk da cewa ba ta sauya ma'auninta ba.

Akwai rukuni na biyu, wanda ba ya narkewa, sai dai ya shigar da ruwan cikin jikinsa ya kuma sake shi gwargwadon yanayi. Itace, takarda, auduga, fata, gashi da hatsi duk suna nan. Su ba su da iyaka guda ɗaya, suna bin danshin iska ne sannu a hankali har su daidaita da shi, shi ya sa ƙofar katako ke kumbura ta ƙi rufuwa da damina, ta kuma tsuke ta bar kafa da hunturu. A kan hatsi wannan daidaito batu ne na lafiya da rai. Masara da dawa suna ajiyuwa lafiya idan ruwan jikinsu bai wuce kashi 13 zuwa 14 ba, gyaɗar da aka ɓare kuma kashi 7 zuwa 8, kuma waɗannan matakai sun yi daidai da danshin iska na kashi 65 zuwa 70, wanda ƙasa da shi fumfuna ba ta iya yaɗuwa sosai. Hatsin da aka shanya ya bushe ƙarau zai sake jan ruwa idan aka bar shi cikin iskar da ta fi wannan danshi, daga nan kuma fumfunar da ke fitar da gubar afulatoksin ta samu wurin zama. A 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya ta wannan hanya. Buhunan nan masu leda ninki biyu a ciki da ake ajiye wake da su suna tsare hatsi daga iskar waje, amma idan an zuba hatsin da ɗanyensa, danshin nasa za su kulle a ciki.

Malaman gona suna da wata dabara mai kyau da ke amfani da halin gishiri don auna bushewar hatsi. Ana zuba hatsin a busasshiyar kwalba tare da gishirin da aka busar sosai, a toshe, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin ya cika iskar ciki da danshin da ya kai iyakar gishiri, wato ruwan jikinsa ya wuce kimanin kashi 15, sai a mayar da shi shanya. Gwajin ba ya bayar da adadi, amma yana raba hatsin da za a iya ɗaurewa da wanda ba za a iya ba, kuma ba ya bukatar na'ura.

Zuma ma tana bin wannan ƙa'ida. Nunanniyar zuma tana da ruwa wajen kashi 17 zuwa 18, kuma tana daidaita da iska mai danshin kusan kashi 60. Idan aka bar ta a buɗe da damina, samanta zai tsinke, idan ruwan ya doshi kashi 20 kuma ta fara tsami da kumfa, sai a zargi mai sayarwa da zuba ruwa alhali murfi ne bai rufu ba.

Siminti da ƙonannen dutsen farar ƙasa daban suke da duk waɗannan, domin su ruwan da suka ja yana shiga cikin ginin sinadarinsu ne, ya sauya su zuwa wani abu na dabam. Giram 56 na ƙonannen dutsen yana cinye giram 18 na ruwa, yana fitar da zafi. Simintin da ya yi tauri a buhu ya riga ya yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma daka shi a turmi ba zai mayar masa da ƙarfin ba, saboda haka ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da fara amfani da wanda ya riga zuwa, ba tsirfa ba ce.

Wanda aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne man birki. Nau'in DOT 3 da DOT 4 da ke cikin yawancin motoci ana yin su ne da sinadaran gilaikol masu jan ruwa, kuma da gangan aka zaɓe su, domin gara ruwan da ya shiga ya bazu a cikin man da ya taru wuri guda ya ci ƙarfe. Sai dai ruwan yana rage zafin da man ke tafasa a kansa. Ƙa'idar DOT 3 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa kashi 3.7 an yarda ya sauka zuwa digiri 140, na DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. Mota mai lodi da ke saukowa daga doguwar gangara tana iya kai birki ga wannan zafi, man ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka feda ta tafi ƙasa ba tare da ta kama ba. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya man duk shekara biyu ko da bai ragu ba, kuma robar man birki da ta daɗe a buɗe a garejin bakanike ba abin da za a ƙara wa mota ba ne.

Wannan hali da ke ɓata kaya shi ne kuma ake amfani da shi wajen kare su. Ƙaramin ƙunshin nan da ake tarar da shi a kwalin takalmi, ko robar magani, ko ledar gwajin zazzaɓin cizon sauro, silika jel ne, wanda asalin sinadarinsa ɗaya ne da na yashi, sai dai an sarrafa shi ya zama cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Idan aka baje bangon waɗannan ƙofofi, giram ɗaya yana da faɗin da ya kai murabba'in mita 700 zuwa 800, kuma a kan wannan bango ne ruwan ke maƙalewa, shi ya sa ƙwayoyin ke ɗaukar ruwan da ya kai kashi 40 na nauyinsu ba tare da sun jiƙe a hannu ba. Walter Patrick, malami a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ne ya samar da hanyar yin sa da yawa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya lura da babbar taransifoma zai ga wata kwalba a gefenta cike da ƙwayoyi masu launi, aikinta busar da iskar da ke shiga tankin mai duk lokacin da man ya huce ya tsuke. Shuɗin launin daga kobalt kuloraid yake, yana komawa ruwan hoda idan ƙwayoyin sun ƙoshi, amma saboda gubarsa an fi karkata yanzu ga nau'i mai ruwan lemo. Rubutun da ke jikin ƙunshin na hana ci, galibi saboda gudun shaƙewar yara ne, domin farin silika jel kansa ba guba ba ne.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar waɗannan ƙunsa-ƙunsai a matsayin abin da ba ya ƙoshi. Ɗaki mai tsawon mita huɗu, faɗin mita huɗu da tsayin mita uku, a zafin digiri 30 da danshin kashi 80, yana ɗauke da ruwan da ya haura lita ɗaya a cikin iskarsa, ƙunshi mai giram ɗaya kuwa bai iya ɗaukar ko rabin giram, sannan sabuwar iska tana shigowa ta taga ba ƙaƙƙautawa. Ajiye shi a buɗaɗɗen kabad kamar ƙoƙarin ƙafar da kogi da ludayi ne. Yana aiki ne kawai a cikin abin da aka rufe ruf, inda iskar ke da iyaka, kuma wanda ya ƙoshi ana iya farfaɗo da shi ta hanyar gasa shi a zafin kimanin digiri 120 na wasu sa'o'i. Haka nan al'adar binne wayar da ta faɗa ruwa a cikin shinkafa ba ta da wani ƙarfi, domin shinkafar da ke buhu ta riga ta daidaita da iskar ɗakin, kuma ba ta cire gishiri da dattin da ruwan ya bari a kan sassan wayar. Magunguna su ne suka fi bukatar kulawa a nan: ƙwayar asfirin da ta sha danshi tana ruɓewa har ta riƙa warin tsami, ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa suna fara aikinsu tun a cikin roba, tsinken gwajin sukari kuma yana iya bayar da sakamakon ƙarya idan an bar murfinsa a buɗe.

Gilisarin da ake zubawa a man shafawa yana riƙe ruwa a saman fata ta wannan hanya, sai dai da hunturu iskar ba ta da abin da za ta ba shi, don haka ya fi amfani idan aka shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata sannan aka bi da man kaɗe ko basilin da zai hana ruwan tashi. A sararin sama ma, ɗigon girgije yana fara haɗuwa ne a kan ƙananan ƙwayoyi masu jan ruwa, ciki har da gishirin da iska ke ɗaukowa daga teku, kuma a kan haka ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke tura jirage suna watsa garin gishiri a cikin gizagizai, ko da yake masana suna ci gaba da muhawara a kan yawan ruwan da hakan ke ƙarawa.

Tunanin da ke jan hankalin masu bincike a yanzu shi ne a mayar da wannan hali hanyar samun ruwan sha a ƙasashe masu fari. Omar Yaghi, wanda aka haifa a Amman ta ƙasar Jodan a 1965, ya kuma yi bincikensa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ƙera wasu sinadarai masu ƙofofi da aka gina da zarrar ƙarfe da sandunan kabon, waɗanda za a iya tsara girman ƙofofinsu yadda za su kama ruwa ko a danshin kashi 20, su kuma sake shi da zafin rana kawai. Shi da Susumu Kitagawa da Richard Robson ne suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025 saboda wannan rukunin sinadarai. Wahalar ba a kamun ruwan take ba, domin kalsiyam kuloraid mai araha ma yana yin haka. Wahalar tana wajen ƙwato shi, saboda duk sinadarin da ya fi ƙarfin jan ruwa, ya fi bukatar zafi kafin ya sake shi. A gwajin da tawagar Yaghi ta yi a kwarin Death Valley na Kalifoniya, kilo ɗaya na sinadarin bai bayar da sulusin lita a rana ba, alhali mafi ƙarancin ruwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafa wa mutum ɗaya don sha da girki da ɗan tsafta shi ne kimanin lita 20, wato a wannan mataki ana bukatar sama da kilo 60 na sinadarin don biyan bukatar mutum guda.